Ɗigo Mai Lamba Sittin da Uku

Babana Alojz ya jingina waya da kwalbar sukari
a kan teburin kicin ɗinmu na Bovec,
yana kallon wani shuɗin ɗigo na rarrafe a taswira.
Ni ce ɗigon.

Kafin haka ni mai raba wasiƙu ce.
Wata goma sha ɗaya ina tashi ƙarfe uku
in hau Vršič da fitila a goshi.
Kwana ashirin da shida ne daga gindi zuwa sama,
ba kwanan barci ba, kwanan hanya,
kowace na san inda kwaltarta ta tsage.
In sauko haƙora na kaɗawa,
in buɗe ofis da yatsun da ba su san nawa ba ne.

Dokar tseren ba ta da tsawo:
kilomita dubu uku, zuwa bakin teku.
Babu mota a bayanka, babu mai miƙo ruwa.
Agogo ba ya barci, ko kai ka yi.

Ranar farko kowa zaki ne.
Ranar uku sirdi ya zama garwashi,
na koyi zama a gefen ciwo kamar baƙo a bakin gado.
Na ci burodin gidan mai a tsaye,
da cukun da ya yi gumi a aljihu.
Kusa da Livno na yi faci sau biyu cikin ruwan sama,
karnuka uku suka raka ni har gada
ba don ƙauna ba.

Dare na shida na ga mahaifiyata
tana shanya a jikin allon hanya.
Shekara tara da binne ta.
Na gaishe ta, na wuce, don hawa ne,
wanda ya tsaya a hawa ba ya tashi.

Sai wuya ya ƙi.
Kaina ya rataye kamar kabewa a reshe,
taya kawai nake gani, da farin layi.
Na shiga rumfar jiran bas na kwanta a siminti.
Can gida ɗigo ya tsaya.
Awa ɗaya. Huɗu. Tara.
Baba ya goge fuskar wayar da hannun riga,
wai ko datti ne ya riƙe ni.

Mahaya na cewa kada ka ajiye tsere da dare,
jira rana ta ji shawarar.
Da asuba wata tsohuwa ta zo da kwandon ƙwai.
Ta yi magana, ban ji ba. Na yi, ba ta ji ba.
Ta cire min tururuwa daga kunci,
ta gyara zama, ta ci gaba da jiran motarta,
kamar mace kwance da keke abu ne na kullum.

Na ɗauko tsohon tif,
na ɗaure hular kwano ta baya zuwa ƙugu,
roba ta ɗaga min kai.
Haka na shiga sauran duwatsun,
jaki da linzamin kansa.

A bakin teku babu ganga.
Wani Lefteris, da barci a ido,
ya buga hatimi a katina da ya jiƙe,
ya ce ta arba'in da ɗaya, ga ruwa can.
Na nemi kuka, gishirin ya ƙare.

Saƙon Baba layi ɗaya ne:
Zdenka, sarƙarki za ta so mai.

Yanzu wata biyu ke nan.
Ƙaramin yatsana na hagu bai dawo ba tukuna.
Ƙarfe uku nakan farka ƙafafuna na juyawa cikin bargo,
in ga hasken kicin a ƙarƙashin ƙofa.
Har yau bai ɗauke wayar daga jikin kwalbar ba.